IYA RUWA FIDDA KAI: BAƘON MAFARAUCI A TEKUN DAKAR



Duk wanda aiki ko fatauci ya taɓa kai shi Dakar, ko taro ne a babban bankin BCEAO, ko sitaj a hukumar ASECNA, ko karatu a jami'ar Cheikh Anta Diop, in ya yi sammako ya leƙa gaɓar Ngor ko ta Almadi tsakanin watan Yuli da na Oktoba, yana iya cin karo da wasu baƙi masu ba mutumin tudu mamaki. Sanye suke da rigar roba mai kama jiki tun daga kai har idon sawu, sun yi ɗamara da dalma, kowa yana saɓe da wani dogon katako mai siffar bindiga, a hammatarsa kuma ga takalman iyo masu tsawon kusan mita guda. Sukan shiga kwale-kwale mai inji, ɗan gari ya tuƙa su har ƙasa ta ɓace wa ido, sa'an nan su faɗa ruwa. Mafarauta ne, amma dajinsu tsakiyar teku ne, namansu manyan kifaye, guzurinsu kuwa numfashi guda da suka ja kafin su nutsa.

Mai karatu yana iya cewa, mu da ba mu da teku, mene ne namu a ciki? Namu shi ne baƙunci. Mu mutanen tafiya ne, abincinmu yana Kotonu da Lome da Abijan, kullum muna nema a garin wasu. Wannan farauta kuwa ta fito da maganar baƙo da ɗan gari a fili fiye da kowace sana'a, domin a nan kuskure ba ya tsayawa ga asarar uwar kuɗi, har rai yake ci. Hausawa suka ce iya ruwa fidda kai. Baƙon da ya shiga tekun wasu da mashi yana da fita biyu a gabansa: ya fid da ransa daga ruwa, ya kuma fid da mutuncinsa daga garin mutane. Abin da za mu nuna a yau shi ne, duka biyun suna hannun ɗan gari.

Kifin da ake bi

Farautar kifi da mashi iri biyu ce. Akwai ta bakin gaɓa, inda mai nutso ke bin duwatsu da ramuka yana neman kifin da ke zaune wuri ɗaya. Akwai kuma ta tsakiyar teku, inda babu dutse, babu ciyawa, babu ƙasa da ido zai gani, sai shuɗin ruwa ta kowace fuska, zurfin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum yana iya kai ɗaruruwan mita. Kifin da ke can matafiyi ne, ba shi da gida. Babbansu shi ne tuna, wanda masu jin faransanci suka sani da suna ton, shi ne dai wanda muke saye a gwangwani. Irinsa mai rawayan fiffike yana kai mita 2, nauyinsa yana wuce kilo 150, kuma halittarsa ta gudu ce, domin in ya daina iyo ruwa ba ya ratsa masa maƙogwaro, sai ya shaƙe. Akwai wahu, dogo siriri mai haƙora kamar aska, wanda gudunsa ke kai wajen kilomita 70 a awa in ya zabura. Akwai kuma masu takobi a baki, ciki har da mai tuta a baya, wanda ya sa sunan Dakar ya shahara wurin masu kamun kifi na nishaɗi. Wanda ya san ƙarfin giwan ruwa a kogin Isa, to ya ɗauka cewa ga kifi mai irin nauyinta, amma da gudun mota.

Dalilin da ya sa Dakar ta dace da wannan farauta yana ga yadda Allah ya shimfiɗa ƙasar. Birnin yana kan wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin tekun Atlantika, kuma bakin Almadi shi ne ƙarshen nahiyar Afirka ta yamma. Ruwa mai zurfi yana kusa da gaɓa, ga kuma wani babban kwazazzabo a ƙarƙashin teku daura da garin Kayar, arewa da birnin. Shekarar tekun ta kasu biyu. Daga wajen Disamba zuwa Mayu iskar arewa tana kore ruwan sama, ruwan ƙasa mai sanyi da yalwar abinci ya taso, ya yi kore-kore, ƙananan kifaye su yi yawa. Daga Yuni kuwa, lokacin da manomin Maradi ke duban gabas yana jiran hadari, ruwan ɗumi mai haske yakan shigo, zafinsa ya kai digiri 27 ko 28, manyan kifayen nan su biyo shi. A lokacin ne baƙi ke sauka.

Mashi, igiya da gora

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowane da dalilinsa. Bindigar ta katako ce, tsawonta kamar mita ɗaya da rabi, ba ta cin albarushi. Robobi huɗu zuwa shida ake ja a ɗana, su ne ke wurga mashin ƙarfe mai kaurin milimita 8 zuwa 10. Duk da haka ruwa yana cinye ƙarfin mashi nan da nan, bayan mita 6 ko 7 ba shi da sauran tasiri. Dole ne ke nan mafarauci ya bari kifi ya matso kusa ƙwarai, ga shi kuma madubin ido yana yaudara a cikin ruwa, yana ƙara wa abu girma da kashi ɗaya cikin uku, yana kuma nuna shi kusa alhali yana nesa. Kan mashin yana cirewa bayan ya ratsa jiki, ya gitta ta ɗaya gefen don kada ya zare. Daga mashin igiya ce mai talewa, tsawon mita 20 zuwa 30, ta tafi har sama inda aka ɗaure ta ga gora ta roba, wani lokaci biyu ko uku a jere.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga mutanen kogi. Sorkawan Ayoru da Firgun, waɗanda Jean Rouch ya ɗauki farautar dorinarsu a fim a 1951, haka suke yi da zago: kan ƙarfe ya shige jikin dabba, igiya ta warware, wani abu mai yawo a kan ruwa ya nuna inda ta nufa, ya kuma gajiyar da ita. Hikimar ɗaya ce, wato mutum ba ya kokawa da abin da ya fi ƙarfinsa a cikin ruwa, sai ya bar gora ta yi masa kokawar. Bambancin shi ne Basorke yana tsaye a cikin jirgi, wannan kuwa yana cikin ruwan tare da abin da yake farauta.

Yadda ake yi shi ne a kashe inji, a bar ruwa ya tafi da mutane. Ana rataya wasu ƴan madubai masu walƙiya a igiya, ana kuma watsa yankakken sardin don jawo kifi. Mafarauci yana kwance a saman ruwa yana numfashi ta bututu, ya huta sosai, ya cika ƙirjinsa, ya nutsa mita 10 ko 15 ko 20, ya tsaya cik kamar gungume. Kifin tsakiyar teku yana da son ganin ƙwaƙwaf, amma da zarar an zuba masa ido ko an nufo shi sai ya ba da tazara. Saboda haka gwani yakan kau da kai kamar bai gan shi ba. Minti ɗaya ko biyu ya koma sama, ya huta, ya sake nutsawa. Ana iya yin haka sau hamsin a yini ba a harba ko sau ɗaya ba, ana iya yin sati guda a koma gida hannu rabbana.

Waɗanda suka yi suna a wannan fage ƙalilan ne. Ba'amurke Terry Maas ya kashe tuna mai kilo 180 a 1982 kusa da tsibirin Gwadalupe na ƙasar Meziko. A 1997 kuma Paulo Gaspar ya fitar da mai kilo 297 a tsibiran Azor na ƙasar Fotugal. Amma a wannan tsibiri na Gwadalupe ne, a 1973, kifin shak, wato kuran teku, ya halaka wani sanannen mafarauci mai suna Al Schneppershoff yana cikin neman tuna. Jinin kifin da aka soka da fafutukarsa su ne ke kiran shak daga nesa.

Maƙiyin da ke cikin ƙirji

Duk da haka, masu karatu, shak ba shi ne ya fi kashe masu wannan farauta ba. Abin da ya fi kashe su suma ce, kuma ya kamata a fahimci yadda take zuwa. A bakin ruwa iska tana danne jikinmu da wani nauyi da muka saba da shi har ba mu jin sa. Duk mita 10 da aka nutsa, ruwa yana ƙara kwatankwacin wannan nauyi sau ɗaya. Saboda haka iskar da ke cikin huhu takan matse ta koma rabin girmanta a mita 10, sulusi a mita 20, rubu'i a mita 30. Wannan matsi yana tura oksijen cikin jini, mai nutso ya ji shi garau a can ƙasa alhali guzurinsa yana ƙarewa. Da ya juyo sama, huhu ya sake buɗewa, matsin ya ragu, ɗan abin da ya saura ba ya isar ƙwaƙwalwa. Sai ya sume, galibi cikin mita 10 na ƙarshe, ko ma bayan ya fid da kansa ya ja numfashin farko. Babu zafi, babu ihu, babu ɗaga hannu. Mutum ne kawai ya saki jiki, dalmar da ke ƙugunsa ta yi ƙasa da shi.

Akwai wani kuskure da ke ƙara tsananta abin. Yunwar numfashi da mutum ke ji tana zuwa ne daga taruwar iskar kabon a cikin jini. Wanda ya yi ta huci da sauri kafin ya nutsa, ya kori wannan iska ke nan, bai kuwa ƙara wa jininsa oksijen na a zo a gani ba. Daidai yake da direban da ya cire allurar da ke nuna man fetur don kada ta tayar masa da hankali, ya kama hanyar Agadas.

Babban kifi yana haɗa waɗannan haɗurra wuri guda. Mutumin da ya biya kuɗin jirgin sama da na otel, ya kwana huɗu bai ga komai ba, rana ta biyar ga tuna ya gitta mita 5 ƙasa da shi a daidai lokacin da ya kamata ya hau. Zuciya ta buga, ta ƙone sauran oksijen, kwaɗayi ya ce ƙara sakan goma. In ma ya harba ya samu, igiyar da kifi mai kilo 100 ke ja da gudu, in ta naɗe ƙafa ko wuyan hannu, ƙasa za ta yi da mutum, shi ya sa ba a shiga sai da wuƙa a inda kowane hannu zai iya kaiwa. Ƙwarewa kuma ba ta zama laya ba. Natalia Molchanova ta ƙasar Rasha, wadda ta kafa tarihin duniya sau 41 a nutso da numfashi guda, ta ɓace ranar 2 ga Agusta 2015 kusa da tsibirin Formentera na ƙasar Spaniya, a wani nutson nishaɗi da bai kai rabin zurfin da ta saba ba, har yau ba a ga gawarta ba.

Maganin da aka sani ɗaya ne, kuma ba a sayen sa a kanti: ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Mai nutso ba ya sauka sai abokinsa yana bisa kansa yana kallon sa, ya tarye shi in ya taso, ya ci gaba da duban fuskarsa har sakan 30 bayan ya fito. Hutun da ake yi a sama ya ninka lokacin nutso sau biyu ko uku. Wanda ya suma, in aka fid da fuskarsa daga ruwa nan take, aka cire masa madubi, aka hura masa iska a fuska ana kiran sunansa, galibi yakan farfaɗo. In aka yi jinkirin ƴan mintoci kuwa, ƙwaƙwalwa ta lalace.

Baƙo ko da ido makaho ne

To, a nan ne maganar ɗan gari ta shigo. Baƙo yana iya zuwa da huhun da ya horar shekara goma da na'urar GPS, amma na'ura wuri take nunawa, ba ta nuna rana. Lebu, masuntan asali na Ngor da Yof da Wakam da Sumbejun, sun gaji karatun wannan teku daga kakanni. Launin ruwa yana gaya musu inda ruwan ɗumi ya haɗu da na sanyi, tsuntsayen da ke faɗawa ruwa suna nuna musu inda manya suka koro ƙanana sama, gungumen da ke yawo sun san akwai kifi a inuwarsa, sun kuma san lokacin da iska za ta juya, a naɗe kaya a koma tun ba a makara ba.

Daga lokacin da baƙo ya faɗa ruwa, ransa yana ga idon matuƙi. Kan mutum a cikin taguwar ruwa bai fi ƙoƙo ba, yanzu a gan shi, yanzu ya ɓace. Ruwan da ke gudun kilomita 2 a awa zai tafi da shi kilomita guda cikin minti 30, komowa gaba da irin wannan ruwa kuwa aiki ne mai wuya. In mutum biyu suna ciki, ɗaya ya soki kifi, gorarsa ta yi gabas da gudu, ɗayan kuma ruwa yana jan sa yamma, matuƙi ne zai yanke wanda zai fara bi. Shi ne zai kashe giya in ya matso kusa da mutum don kada farfela ta sare shi. Shi ne zai ɗaga tuta ya kori sauran jiragen da ba su san akwai mutum a ruwa ba. Shi ne kuma ya san inda ƴan uwansa suka shimfiɗa taru da layin ƙugiyoyi. Tarun zaren roba, wanda dokar Senegal ta hana tun 1998 amma bai ɓace ba, in ya tsinke yakan yi shekaru a ruwa yana kama abin da ya samu, ido kuwa ba ya ganin sa sosai. Haïdar El Ali, mai nutson nan na cibiyar Oceanium ta Dakar da ya zama ministan muhalli a 2012, sa'an nan na kamun kifi a 2013, ya yi shekaru shi da mutanensa suna tsamo irin waɗannan tarukan daga ƙarƙashin teku.

Saboda haka baƙo mai hankali, kafin a tayar da inji, yakan zauna da matuƙi su daidaita a kan alamun hannu, tunda wannan yana jin faransanci ko turancin Ingila, wancan kuma wolof ne harshensa. Yakan duba mai da ruwan sha da ƙanƙara da wayar kiran taimako. Abin mamaki shi ne, a hotunan da ake yaɗawa, baƙo ne ke rungume da kifi yana murmushi, wanda ya nemo kifin ya kuma komo da mai kifin da rai yana can gefe riƙe da inji, wani lokaci ma an yanke shi daga hoton. Da ɗan gari akan ci gari, amma an cika mantawa da shi wurin rabon yabo.

Tekun da ya fara tsufa

Fita ta biyu, wato ta mutunci, ta fi wuyar ganewa, domin sai an san halin da masu masaukin suke ciki. Ana ƙiyasta cewa wajen mutum 600,000 ne ke ci daga kamun kifi a Senegal, tun daga masunta har matan da ke ƙyafewa da masu sayarwa. Jerin da gwamnatin ƙasar ta wallafa a watan Mayu na 2024 ya nuna kwale-kwale fiye da 17,000 masu izini. Amma kifi ya ja baya. Cof, wanda ake rubutawa thiof, kifin da a da shi ne adon cebujen, ya zama na masu hali da na fitarwa Turai. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce fiye da tan 500,000 na ƙananan kifaye ake kwashewa kowace shekara daga tekun Afirka ta yamma, a niƙa su a yi abincin dabbobi da na kifin kiwo a wasu nahiyoyi. A 2012 gwamnati ta soke izinin manyan jirage 29 na ƙasashen waje, a watan Nuwamba na 2024 kuma yarjejeniyar kamun kifi tsakanin Senegal da Tarayyar Turai ta ƙare ba a sabunta ba. A 2023 kusan mutum 40,000 suka isa tsibiran Kanari na Spaniya ta ruwa, da yawansu daga gaɓar Senegal suka tashi, a cikin kwale-kwalen da aka sassaƙa domin su.

Gaskiya ita ce mai mashi ba shi ne ya kwashe tekun ba. Yana ganin kifi kafin ya harba, ɗaya-ɗaya yake ɗauka, ba ya haɗawa da ƙanana ko kunkuru, alhali jirgin masana'anta yana iya kwasar tan gommai a zagaye guda na koma. In ana maganar zaɓe, babu hanyar kamun kifi da ta kai wannan. Masu wannan wasa suna yawan kafa hujja da haka, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Sai dai tana tsayawa ne muddin baƙo ya tsaya a tsakiyar teku, ya kuma tsaya a matsayin baƙo.

Ɓarnar takan fara ne ranar da manyan kifaye suka ƙi zuwa. Don kada a koma hannu wofi, sai a karkata wajen duwatsu a huce a kan cof da danginsa. Su kuwa mazauna wuri ɗaya ne, ba su da saurin girma, sukan tsaya su kalli mai nutso maimakon su gudu. Bugu da ƙari, cof yakan fara rayuwa a matsayin mace, sai ya girma wasu su juye su zama maza, saboda haka wanda ya tsince manya ya karya haihuwar wurin baki ɗaya. Faransa ta gane haka, shi ya sa tun 1993 ta hana harbin ɗan uwan cof da mashi a gaɓarta ta Bahar Rum, kifin kuwa ya farfaɗo. Dokar Faransa ta 1990 ta hana mai mashi amfani da tulun iska, ta hana shi farautar dare, ta hana shi matsawa ƙasa da mita 150 kusa da tarun masunta, ta kuma hana shi sayar da abin da ya kama. Tun 2011 ma sai ya yanke gefen wutsiyar wasu kifaye, don a gane su in sun shiga kasuwa. Wanda ya bi waɗannan dokoki a Marsai, ya zo Dakar ya yi watsi da su don ba mai ganin sa, ya nuna cewa tsoron jandarma yake yi, ba kunyar teku ba.

Ɓarna ta biyu ita ce sayarwa. Baƙon da ya kai kifinsa ƙofar bayan gidan abinci don ya rage kuɗin tafiya ya shiga kasuwar mutumin da ba shi da wata kasuwa, ya karya masa farashi da kifin da shi wasa ya kai shi kamawa. Ta uku ita ce harbin nesa: mashi ya yaga jiki ya fita, kifi ya tafi ya mutu a banza. Mai fatsa yana iya sakin mai takobi ya koma da ransa, kuma da yawa suna yin haka, amma mashi ba shi da a yi haƙuri.

Abin da ke kan baƙo

Haƙƙin da ke kansa a bayyane yake. Ya nemi izini wurin hukumar kamun kifi kafin ya jiƙa ƙafa, domin dokar Senegal ta 2015 ta bambanta kamun kasuwanci da na wasa. Ya nisanci wuraren da aka keɓe, kamar tsibiran Madelen da ke daura da Sumbejun, waɗanda suka zama gandun ƙasa tun 1976, da yankuna biyar da aka kare a 2004, ciki har da Kayar da Bambung. Ya ɗauki kifi ɗaya mai kyau ya rataye bindiga. Ya zubar masa da jini, ya sa shi a ƙanƙara, domin naman tuna in ya sha rana yana sa ciwo, sa'an nan ya ci abin da zai iya ci, sauran ya bar wa ma'aikatan jirgi da iyalansu.

Akwai kuma batun lada, wanda ƴan kasuwa za su fi kowa ganewa. A yanka wa matuƙi kuɗin yini tun a tudu, a biya shi ko an kama ko ba a kama ba. Baƙon da ya ce sai an samu kifi zai biya, ko ya ɗora babban tukuici a kan girman kifi, shi da kansa ya tura talaka ya fita ranar da teku ya ce a zauna, ya shiga wurin da doka ta hana, ya sa ido ga gorar da ke gudu maimakon kan mutumin da ke nutsewa. Ciniki mai kyau a nan kariyar rai ne. Su ma masu jirage ya kamata su san darajar abin da suke sayarwa, domin mai da katako kowa yana da su, sanin teku kuwa gado ne, kuma kifi ɗaya da baƙo ya yi sati yana nema yana iya kawo wa unguwa abin da ya fi kuɗin namansa, in an tsara abin da kyau. Aikin hukuma ne ta sa ido, a kan baƙo da kuma ƴan ƙasa masu nutso da tulun iska, don kada doka ta zama ta takarda kawai.

Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana, rana na fitowa ya tafi. Mafaraucin da ya sauka Dakar zai koma garinsu da hoto, matuƙi kuwa gobe da asuba zai sake tura kwale-kwalensa cikin wannan ruwa, shi da ƴaƴansa. Gwanin ruwa na gaskiya shi ne wanda ya fito da ransa, ya bar mai masaukinsa yana fatan ya komo baɗi.